Ranar da Aka Sake Kiran Tsattsewa

Mestre Gawayi, tsohon malamin wasa, bai iya gaisuwa a waya ba. Da Cleonice ta ɗauka, faɗa ta fara ji. Wai abin nan da ta ƙera musu ya raina shi: ya rubuta suna ya ƙi karɓa, ya sake rubutawa ya sake ƙi, har da jan rubutu kamar ana yi wa ɗan firamare gyara. Shi da yake raɗa wa 'yan wasa suna a unguwar Ribeira tun kafin a haife ta, yau waya ce za ta ce masa a'a?

Cleonice ta janye wayar daga kunnenta ta bar shi ya huce. A ɗakin da suke aiki, saman wani shagon magani, abokin aikinta Josenildo ya ɗago kai daga kwamfuta yana murmushin mugunta, don muryar tsohon har teburinsa take kaiwa. Su biyu ne suka gina wa ƙungiyar makarantun kafuwera na birnin Salvador manhajar rajista; kafuwera wasa ne mai haɗa faɗa da rawa da kiɗa, mutum biyu a tsakiyar da'ira. Mafi tsauri a cikin ƙa'idodinta ita ce ta sunan fage, wato sunan da malami yake raɗa wa almajirinsa ranar biki, bayan an shigar da shi da'ira an kayar da shi a gaban jama'a. Suna ba ya maimaituwa a makaranta ɗaya. A wata makarantar kuwa babu laifi, shi ya sa ake da Kunama a Ribeira, ake da wani Kunama a Liberdade, kowa yana harbinsa a gidansu. Cleonice ce ta rubuta wannan ƙa'ida da hannunta, ta rubuta gwaje-gwajen da ke tsaronta, kuma tana alfahari da su fiye da yadda ya kamata mutum ya yi alfahari da layukan rubutu.

Ta tambaye shi wane suna ne aka ƙi. Ya ce ta taɓa jin inda aka faɗi suna kafin bikin ranar Asabar? Ta ce to ai manhajar ba ta ƙin suna sai idan wani a makarantarsa yana riƙe da shi.

"Na sani, 'yata. Mai shi ya daɗe a ƙasa. Sunan mamaci ne, kuma ni na ba shi, ni zan sake bayarwa. Ki gaya wa injinki haka."

Ya kashe wayar. Cleonice ta zauna da ita a hannu. Mamatan makarantar Mestre Gawayi ba su da yawa, kuma kusan duk tsofaffin maza ne masu sunaye irin su Kada da Guduma, waɗanda babu mai hankalin da zai ɗora wa sabon shiga. Sai mace ɗaya, Zulmira, wadda duk Ribeira ta sani da Tsattsewa. Mahaifiyar Cleonice ce. Ita kuma Cleonice tana cikin waɗanda za a raɗa wa suna ranar Asabar ɗin nan.

Murna ta kama ta irin wadda ba ta barin mutum ya zauna. Ta miƙe, ta zagaya teburi, ta buɗe taga ta rufe, ta sha kofin Josenildo a zaton nata ne. Lokacin da uwarta take raye ba ta taɓa sa ƙafa a da'ira ba. Tana can tana fama da lissafi a jami'a, tana ganin wasan nan na masu lokacin ɓatawa ne. Sai bayan rasuwar ta je ta tsaya a ƙofar makarantar da yamma, ta ce a koya mata. Ba ta da sauƙin jiki, wannan kowa ya sani har da ita. Tana tunani kafin ta ɗaga ƙafa, kuma idan aka taɓa ta tana da saurin hawa. Amma ba ta fashin ajin yamma, ruwa ko rana, kuma ashe tsohon yana kallo.

Josenildo ya ce idan ta gama rawar, akwai aiki. Ya ce kuma a biya shi kofinsa.

Gyaran a ganinta ba wani abu ba ne. Ƙa'idar tana duba duk wanda ya taɓa zama ɗan makarantar, rayayye da matacce. Abin da ake so shi ne ta duba masu rai kawai. Ta ƙara wannan sharaɗi, sannan ta rubuta sabon gwaji: a ƙirƙiro mamaci mai riƙe da suna, a ƙirƙiro mai rai yana neman sunan, a tabbatar an yarda. Wajen sa wa 'yan wasan bogin nan suna, maimakon irin su "ɗan wasa na ɗaya" da suka saba, yatsunta suka rubuta Tsattsewa a kan mamacin, suka rubuta Cleonice a kan mai ran. Ta danna. Layukan suka gangaro kore shar, babu ja ko ɗaya. Ta tafa hannu ta ce a tura.

Josenildo ya gangaro da kujerarsa ya leƙa. Ya karanta sunayen, ya dube ta ta gefen ido, bai ce komai a kansu ba tukuna. Abin da ya tambaya shi ne ko ta ga gwajin ya yi ja kafin ya yi kore. Ta ce ba ta da lokacin wannan bidi'ar yau. Ya ce to shi yana da shi. Ya miƙa hannu ya goge sharaɗin da ta ƙara, ya mayar da ƙa'idar yadda take da safe, ya sake dannawa.

Kore shar.

Kunya ta rufe ta, sai kuma haushi, don ta gane tun kafin ya buɗe baki. Ɗan abin da ke ƙirƙiro musu 'yan wasan bogi yana gina wa kowanne sabuwar makaranta tasa idan ba a ce masa kada ya yi ba. Mamacin yana wata makaranta, mai ran yana wata. Ba su taɓa haɗuwa ba, balle su yi rigima a kan suna. Gwajin nata da gyara da babu gyara duk amin zai ce.

"'Yar uwa, kin shirya dambe kin sa kowa a garinsu," in ji Josenildo. "Dole alƙali ya ce an tashi lafiya."

Ta ce ya janye kujerarsa kafin ta taka masa ƙafa. Ta gyara gwajin, ta cusa su biyun a makaranta ɗaya, ta danna, ya yi ja. Ba ta taɓa jin daɗin ganin ja irin na ranar ba. Ta mayar da sharaɗin, ya koma kore, kuma wannan karon koren na gaskiya ne. Suka tura gyaran kafin azahar, ta aika wa Mestre saƙo ya sake gwadawa, sannan ta sauka ta sayo musu ƙosai mai zafi da manja da jatan lande a wajen matar da ke bakin titi, har da ƙarin yaji, don a ganinta ranar ta cancanci haka.

Tana tsakiyar ci wayar ta sake ƙara. Mestre ya ce ɗazu abin yana ƙi da ladabi, yanzu kuwa shafin gaba ɗaya ya yi fari fat, ya bar shi da wasu lambobi. Ya tambaya ko gyara ta yi ko ɓarna, kuma ko ya koma takarda da biro kamar yadda mutanen kirki suke yi.

Nan fa hankalinta ya tashi. Tsohon nan ba ya barazana a banza. Ya sha cewa idan suna ya yi gardama wajen shiga, alama ce lokacinsa bai yi ba, sai ya ajiye shi ya nemo wani. Idan ta bari ya gaji, zai iya cewa sunan nan ya ƙi fitowa bana, shi ke nan. Ta roƙe shi ya ba ta zuwa la'asar. Ya yi tsaki ya ce zai je ya ɗaure tsirkiyar bakan kiɗansa, idan ya gama zai sake gwadawa sau ɗaya.

Ba su daɗe suna nema ba. Ƙa'idar tana da ƙofa biyu, kuma ita da kanta ta gina su haka tun farko, ta manta. Ta farko tana cikin manhaja, kamar mai gadi da ke tambayar baƙo kafin ya shiga. Ta biyu tana can cikin rumbun bayanai, kwado ne da ba ya jin magana, an sa shi don ranar da mutum biyu za su danna a lokaci guda su wuce mai gadin. Ta lallashi mai gadi, ta bar kwado a kulle. Gwajinta kuma tambaya kawai yake yi, ko an yarda, bai taɓa ɗaukar sunan ya kai shi rumbun da gaske ba. Josenildo ya buɗe baki zai yi wata tsokanar, ya ga fuskarta, ya mayar da ƙosai a wurin.

Wannan karon ta bi a hankali. Ta sa gwajin ya ajiye sunan har cikin rumbun, ya yi ja. Ta sake ƙera kwadon ya riƙa ƙirga masu rai kawai, ya yi kore. Ta ƙara wani gwajin na masu rai biyu a makaranta ɗaya, ta tabbatar har yanzu ana korar na biyun a ƙofar farko da ta biyu. Ta ƙara na makarantu daban, don kada garin gyaran nata ta kashe wa Kunaman Liberdade suna. Kowanne sai da ta karya ƙa'idar da gangan ta ga ya yi ihu kafin ta yarda da shi. Josenildo ya duba layi bayan layi ya ce shi kam bai ga abin zagi ba, kuma hakan ya ɓata masa rai.

Suna jiran gyaran ya hau ne ya yi maganar da ya haɗiye ɗazu. Ya ce a hankali, ba da tsokana ba, tsohon fa bai ce ita ba ce. Bai ma ce wane mamaci ba. Ta ce wa kuma zai ba? Ta lissafa masa matan ajin yamma ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta san Zulmira ko a hoto. Ya tambaya ajin safe fa. Ta ce ajin safe na ma'aikatan asibiti ne da 'yan fansho, masu zuwa miƙe ƙafa. Ya ɗaga hannu ya ce Allah ya sa, shi dai zai zo ya ci abincin biki.

Da la'asar saƙon murya ya shigo. Dariyar Mestre ce a ciki, da kalma biyu: "Ya shiga."

Cleonice ta yi tsalle har ta buge fanka da hannu. A daren ba ta iya cin abinci ba. Washegari ta kira ƙanwar mahaifiyarta, Inna Dalva, a tsibirin Itaparica, ta ce lallai ta hau jirgin ruwan safe ranar Asabar, akwai abin da za ta ji da kunnenta. Ba ta faɗi mene ne ba, amma muryarta ta faɗa.

Ranar Asabar makarantar ta cika har bakin titi. Kowa cikin fararen kaya, zafi kamar gidan burodi, yara a kan tagogi, tukwanen wake da nama suna jira a baya. Bakan kiɗa uku suka tashi, ganga ta bi, tafi ya ɗauka. Ana kiran sababbi ɗaya-ɗaya, babba ya shiga da su, ya ja su ya ja su, sannan ya share musu ƙafa su zube, jama'a su yi shewa, Mestre ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗi suna. Wani dogon saurayi ya zama Sandar Rake. Wani mai yawan gumi ya zama Randa, ya karɓa yana dariya yana ɗiga.

Aka kira Cleonice. Mestre da kansa ya miƙa bakansa ga wani ya shigo, abin da bai yi wa kowa ba ranar, kuma ta ji kamar ƙirjinta zai tsage don daɗi. Ta yi wasan da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta kauce masa sau da dama, har ta kai masa wata ƙafa da ta sa ya ja da baya yana gyaɗa kai. Da ya taɓa mata goshi da tafin hannu don ya tsokane ta, ta harzuƙa ta yi kansa, sai ta tsinci kanta a ƙasa tana kallon rufi. Ta miƙe tana haki tana dariya. Ya ɗaura mata igiya, ya dafa kafaɗarta, ya juya ga jama'a.

"Wannan, idan ka taɓa ta sai ka cire ƙaya. Beguwa."

Wurin ya ɗauki dariya da tafi, don sunan ya zauna mata daram, kuma kowa ya ga haka. Ita ma bakinta ya ci gaba da murmushi shi kaɗai. Ta koma gefen da'ira ta tsuguna. Ba ta iya duban inda Inna Dalva take zaune ba. Baƙin ciki ne tsantsa ya cika ta, da kunyar jirgin ruwan da ta sa tsohuwa ta hau.

Sai aka kira Rosimeire. Wata 'yar siririyar mata ce ta fito daga cikin 'yan ajin safe, mai furfura kaɗan a gaban goshi, ma'aikaciyar jinya da Cleonice ba ta taɓa gani ba. Ta durƙusa a gindin bakan kiɗa kamar mai jin kunya. Da ta shiga kuwa, sai wurin ya canja. Ƙafarta ba ta daɗewa a ƙasa. Tana nan, sai ka gan ta can, ta bi ta ƙarƙashin ƙafar babban da ke wasa da ita ta ɓullo a bayansa, kanta a karkace gefe guda, tana murmushi kamar ba ita ba. Cleonice ta san wannan karkata kan. Ta gan shi a kicin, ta gan shi a bakin teku, ta gan shi duk ranar da aka aike ta kiran uwarta daga wannan ɗakin tana tsaye a ƙofa tana ƙunƙuni. Ta juya ba da niyya ba, ta ga Inna Dalva ta toshe baki da hannu biyu, hawaye na zuba.

Da ƙyar aka kayar da matar. Mestre ya ɗaura igiyar, ya jira har tafin ya mutu, sannan ya faɗi sunan a hankali. Tsofaffin makarantar suka miƙe tsaye.

Cleonice ta so ta ji an zalunce ta, ta nemi abin da za ta riƙe ta ce an yi son kai, ba ta samu ba. Ita ta buɗe ƙofar nan da hannunta, ta gwada ta ciki da waje, kuma wadda ta dace ce ta shiga. Wannan ya fi komai ciwo.

Da aka gama raɗin, aka buɗe da'ira ga kowa. Mestre ya nuna Cleonice da kan bakan kiɗansa, ya nuna Rosimeire. Suka tsuguna a gabansa suna fuskantar juna, suka riƙe hannu kamar yadda ake yi kafin a shiga. Matar ta matso da bakinta kusa, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda kiɗa zai rufe.

"Yanzu ake gaya mini na mahaifiyarki ne. Wallahi ban sani ba. Idan kin ce in ajiye, yau ɗin nan zan mayar masa."

Kuma da gaske take, ana gani a idonta. Kalma ɗaya ta isa. Tsohon zai yi faɗa, amma ba ya tilasta wa mutum suna, kuma sunan zai koma ya kwanta, wataƙila har wata shekarar da zai ga dama. Cleonice ta dubi siririn hannun da ke cikin nata.

"Ki riƙe," ta ce. "Amma duk ranar da na ga kin yi nauyi da shi, ni zan kayar da ke."

Matar ta yi dariya da hawaye a ido. Kiɗan ya ƙara sauri, tafi ya tashi, jama'a suna jira su ga wa zai fara motsi. Cleonice ta saki hannun, ta goge fuska da kafaɗa, ta nuna mata tsakiyar fili.

"Shiga, Tsattsewa."